Dawar da Ta Ji Ƙishi

Ranar da na kashe wa Malam Garba shanun huɗa da bakina, ba na jin zan manta da ita har in bar duniya. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan nake ba wa labarin, don na ga kuna da saurin baki irin nawa na da.

A lokacin ina malamin gona mai matakin albashi na bakwai, an ba ni ƙauyukan kewayen Nasarawa Burkullu. Aikinmu shi ne mu zaga manoma a kan babur duk mako biyu, mu duba gona, mu ba da shawara, sannan mu kai rahoto ga shugaban shiyya. Ban fi shekara biyu da gama makaranta ba, kaina kuwa ya kumbura.

Damina ta fara lafiya, aka yi shuka, sai ruwa ya ɗauke a watan Yuli kusan mako uku. Wata Talata da hantsi na isa gonar Malam Garba, dattijo mai bijimai biyu da yake huɗa da su. Dawarsa ba ta kai gwiwa ba, ganyen ya naɗe ya yi toka-toka. Bijiman na ɗaure a gindin kanya, haƙarƙari a waje, don ciyawa duk ta ƙone. Ya tambaye ni abin yi. Ko durƙusawa ban yi na duba saiwa ba, na ce wannan ta mutu, ya saki shanun su ci, in ruwa ya dawo ya zuba wake. Ya ce shi dai bai taɓa ganin an yi haka ba. Na ce ai shi ya sa aka turo ni.

Ya kwance su. Ni kuma na koma inuwa ina cika takarda.

Ba a yi awa guda ba ɗaya daga cikin bijiman, ja, ya fara haki yana tangaɗi, kumfa na zuba daga bakinsa, ya faɗi yana shure-shure. Malam Garba ya zaro wuƙa ya yanka shi, jinin ya fito ja wur irin wanda ban taɓa gani ba. Kafin ya juyo, ɗayan ya zama mushe.

Jama'a suka taru, wasu suka fara cewa gurɓataccen ruwan masu wankin zinariya shanun suka sha. Wallahi raina ya so in yi shiru a bar shi a haka. Sai ga Ja'e, wani Bafulatani da rugarsa ke kusa. Ya dubi shanun, ya dubi gonar, ya ce:

"Wa yac ce a sa nagge cikin dawag ga? Dawa in ta ji ƙishi dahi takai. Ba mutuwa tay yi ba, laɓewa tay yi."

Malam Garba bai ko kalle ni ba. Ni na buɗe baki na ce ni ne.

Washegari shugaban shiyya ya ba ni takardar tuhuma, wadda ma'aikaci ke amsawa a rubuce kafin a hukunta shi. Ya yi mini bayanin abin da ya kamata in sani: ƙaramar dawa tana ajiye guba a ganye don kare kanta, fari kuma yana ƙara mata ƙarfi, naɗe ganyen nan kuwa tattalin ruwa ne. Ya ce har a makaranta an koya mana, sai dai ko barci nake yi.

Da ruwa ya dawo, dawar da na yi wa jana'iza ta ware ganye ta yi kore shar, tana jiran huɗa, ga shi babu shanu. Na tarar da Malam Garba duƙe da galma, shi da ya doshi saba'in. Na roƙe shi gafara. Ya ɗago ya share gumi.

"Allah ya riga ya rubuta, ɗana. Amma gobe in ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba."

Ya miƙo mini galmar, na karɓa.

Abin da na koya shi ne shuka ba ta miƙa wuya da sauri, tana da dabarunta na jure wahala, kuma makiyayi ya san su tun kafin mu. Manomi kuwa yakan bi maganarmu ko da ransa bai kwanta ba, asarar kuma a kansa take faɗawa. Asabar huɗu na yi ina huɗa a gonar nan, amma aikin bai biya ko ƙahon bijimi ɗaya ba.