Ranar da Gwaggo Mai Keke Ta Miƙo Mini Jikana

Duk ranar Litinin, tun rana ba ta yi zafi ba, za ka hango Gwaggo Mai Keke tafe da kwando a ka, makullin cocinmu ɗaure a bakin zaninta. Ta yaye mayafin tebur, ta sauke labule, ta bi rigunan mawaƙa ɗaya bayan ɗaya tana duba inda maɓalli ya fita ko hammata ta yage. Daga nan sai ɗan ɗakin da ke bayan coci, inda tsohon keken ɗinkinta na ƙafa yake, da gwangwanin maɓallai, da wani akwatin ƙarfe. Shekara talatin da huɗu ke nan. Fastoci shida sun zo sun tafi, kowanne a kan wannan kujerar ya same ta. Bana ido ya ce ya gaji, sai an zura mata zare a allura, shi ya sa ranar Lahadi mai zuwa za ta miƙa makulli.

Ni dattijo ne a ikilisiyar nan, kuma duk wanda ya san ni ya san yabo ba ya fita bakina da sauƙi. Maiɗakina takan ce komai daɗin girki, iyakar abin da za a samu a wurina shi ne "ba laifi". Amma zancen Gwaggo, in na yi shiru na ci amana.

Da zarar makonni huɗun nan na jiran Kirsimeti sun kama, Gwaggo takan shimfiɗa wa tebur mayafi shunayya, ta buɗe akwatin ƙarfe ta fito da kayan wasan haihuwar Yesu: rigunan makiyaya, fukafukan mala'iku, rawunan masana. Shugaban mawaƙa ya taɓa tsokanarta ya ce, "Haba Gwaggo, ai da sauran lokaci!" Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ɗana, ka taɓa ganin mai ciki ta bari sai naƙuda sannan ta nemi zanen goyo? Mai jiran baƙo ba ya naɗe hannu, tsintsiya yake ɗauka."

Akwai wata al'ada da ita ta kafa mana. Ba ma sa 'yar tsana a wasan. Jaririn da aka haifa na ƙarshe a ikilisiya kafin Kirsimeti, mace ko namiji, shi ake kwantarwa a kwamin dabbobi, uwarsa na zaune a gefe. Gwaggo kan ɗinka masa sabon farin ƙyalle daidai jikinsa, in an tashi a bar wa uwar. Allah bai ba ta nata ba, amma rabin matasan da ke waƙa yau a cikin ƙyallenta suka fara shiga gaban jama'a.

Shekara tara da suka wuce, 'yata Auta ta haihu ba aure. Zan faɗa a fili, don ba wanda bai sani ba. Ni da ke zama a kujerar gaba, ni da ke yi wa 'ya'yan mutane faɗa! Kunya ta ci ni, zuciya ta ɗebe ni, na ce kada ta sake taka mini gida. Ta koma wurin ƙanwar uwarta, ikilisiya ta sa ta a horo. Ban je barka ba, ban ga yaron ba. Har muka fara ji ana cewa za ta bar garin gaba ɗaya, na ce Allah ya raka taki gona. Maiɗakina kuwa kullum kuka a ɗakin girki.

Ga shi kuma ɗan Auta ne jariri na ƙarshe a wannan shekarar. Dattawa muka zauna, aka kawo shawarar a sa ɗiyar shugaban mawaƙa mai wata huɗu. Ni na fara ɗaga hannu. Aka tura fasto ya sanar da Gwaggo, ya dawo yana sosa ƙeya. Wai ta ce in dattawa sun sake doka, su zo su faɗa mata da bakinsu, musamman ƙanenta. Haka take kirana, ko da yake ba abin da ya haɗa mu sai coci.

Ranar Alhamis da yamma na tafi ɗakin ɗinkinta ina huci, na shirya maganata tsaf. Ina ɗaga labule sai ga Auta a kan 'yar kujera, yaro a cinya. Ta rame. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ina wuni." Na kau da kai.

"Yauwa, Allah ya kawo ka," in ji Gwaggo, igiyar awo rataye a wuyanta. "Riƙe mini nan in auna."

Kafin in buɗe baki ta ɗauki yaron ta ɗora mini a hannu. "Tallafi kan mana! Kai da ka haifi biyar?"

Matar da in ta kalli jariri sau ɗaya ta san tsawonsa, ranar nan sau uku tana awo, tana cewa ta manta. Yaron ya buɗe ido, ya haɗe gira irin yadda nake yi, sannan ya tsula mini fitsari a babbar riga. Gwaggo ta ce, "To, shi ma ya gaishe ka."

Na ce, "Gwaggo, dattawa sun yanke..."

"Na ji. Horo naku ne, ban sa baki ba. Amma shi wannan me ya yi? Mako uku ke nan muna waƙa muna roƙon Ubangiji ya zo. Shi da muke jiran, ai uwarsa ma ta sha kallon mutane, aka kuma ce musu babu masauki. Kowace shekara kai ke karanta wurin, har muryarka tana rawa. In bana ma babu wuri, to ga shi a hannunka. Faɗa masa da kanka."

Na kasa. Na tsaya da jiƙaƙƙiyar riga, ni gardin dattijo, ina hawaye kamar yaro.

Washegari na koma wa dattawa na janye hannuna. Biyu suka yi gunaguni, na ce jikana ne, mai magana ya yi da ni. Da safiyar Kirsimeti aka kwantar da shi a kwami cikin farin ƙyalle. Tun daga farkon wasa har ƙarshe tsala ihu yake, makiyaya suka manta abin da za su ce, jama'a na ta dariya. Da aka tashi na ce wa Auta ta je ta kwaso kayanta. Kafin in rufe baki uwarta ta riga ta karɓe goyon.

Gwaggo, ke ce allura mai haɗa abin da ya yage. Ba ki taɓa hawa bagade ba, ba ki iya dogon karatu ba, amma ni da na shekara ashirin ina karanta labarin haihuwar Almasihu, a ɗakin ɗinkinki na gane shi. 'Yan'uwa, masu kujerar gaba irina musamman, kada mu cika coci da waƙar jira alhali ƙofofinmu a kulle. Ku duba wanda ya daina zuwa, ku je ku nemo shi. In kuwa kun iya riƙe allura, ɗakin bayan coci na neman mai shi.

Jiya da nake rubuta wannan, Auta ta leƙo ta karanta, ta ce, "Baba, akwai abin da ba ka sani ba. Ranar nan jakata a ɗaure take, motar safiyar Juma'a zan bi. Sallama na je yi wa Gwaggo, ta ce in zauna tukuna, akwai wanda take jira."

Kwana ɗaya ya rage in rasa 'yata da jikana, kin sani, kuma shekara tara ba ki taɓa yi mini gori ba. Na gode, yayata. Ubangiji ya saka miki.