Laouali da Garin Geron Inna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris, 2006, aminina Malam Laouali, mutumin Tasawa, ya yanke jiki ya faɗi a wurin aikinsa nan birnin Greensboro, a ƙasar Turawa. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Laouali, ka tafi ka bar ni da fargaba, kuma ka san ta wa nake yi. Tun da ka kawo mahaifiyarka Inna Jimmai ƙasar nan cikinta ya ƙi abincinsu. Garin kanti ma ta ce warin leda yake yi. Tana ramewa muna kallo.

Kai ka jiyo labarin wani tsohon injin niƙa mai aiki da iska a wani ƙauye gaba da Summerfield. Ka ja ni muka tafi da rabin buhun gero a bayan mota. Muka tarar da baƙi suna ta ɗaukar hoto, kai kuwa ka sauke buhunka kana tambayar inda ake bin layi. Kunya kamar in nutse! Ashe wurin tarihi ne, kallo kawai ake zuwa yi. Sylvanus, dattijon da ke kula da wurin, ya yi dariya har da hawaye. Da ka faɗa masa don wa ka zo, sai ya ce mu jira iska. Muka jira har muka yi la'asar a gindin injin, sannan iska ta taso ya niƙa mana. Ranar Inna ta shanye kununta, ta ce, “Ɗan nan, wannan niƙan dutse ne.” Daga nan ba ka taɓa barin garinta ya yanke ba.

Yanzu ya yanke. Matarka Kaltouma ta kakkaɓe robar garin, babu ko na damu ɗaya. Tun rasuwarka Inna ba ta sa komai a baki ba sai ruwa. Jiya na kai gero, Sylvanus ya cire hularsa da ya ji labari, amma babu iska, ko ganye bai motsa ba. Gobe zan koma. Tsoro nake ji, Laouali. Ko an niƙa, anya za ta karɓa daga hannun da ba naka ba?

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba Kaltouma da yara da dangi na Tasawa haƙuri. Ya Allah, Ka kawo iska gobe, Ka sa Inna ta sha.