Yadda Mama Nosisa Ta Kwashe Ƙoƙunan Lofena

Surukata Mama Nosisa ba ta taɓa zagina ba. Da ma zagin ta yi, da na san inda na tsaya. Idan na je gidanta a ƙauyensu na Tsolo na durƙusa na gaishe ta, sai ta amsa wa bangon da ke bayana. Sunana Dumile, amma a bakinta ni "ɗan birni" ne. Sauran mazajen 'ya'yanta kuwa, har da wanda ko akuya bai iya ɗaurewa ba, duk "ɗana" take ce musu. Wannan kalma guda na yi shekaru ina farauta, kuma rashinta ya ci mini rai fiye da yadda nake nunawa.

Gajeriyar mace ce mai babbar murya. Mijinta ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin zinariya na Goli, sai Kirsimeti ake ganinsa. Ita ta nome masara, ta yi kiwon tumaki, ta raini 'ya'ya shida. Da ya dawo gaba ɗaya, akwatin ƙarfe ya kawo da tari, tarin kuma bai bar shi ya yi furfura ba. Tun daga nan ba ta rabuwa da lofenta na itace, dogo irin na manyan mata, wanda aka yi wa ado da duwatsu. Tabarta a bayan garke take noma ta. In ta hura, kaji ma sauya wuri suke yi.

Ni ma ina da lofe, amma fa ba irin nata ba. Akawu ne ni a tashar jiragen ruwa ta Monti, kuma nawa na farin ƙarfe ne, ƙoƙonsa a murɗe yake kamar murfin kwalba: ka kwance wannan ka ɗaura wancan. Kantuna sun daɗe da daina kawo irinsa, don haka a hannun matuƙan jirgi na bi na tara ƙoƙuna bakwai, kowace rana da nata. Ina da doka: ƙoƙon da aka sha yau, sai ya huta mako guda ya bushe. Babu wanda ban yi wa wa'azin wannan doka ba. Matata Thobeka ta haddace ta, har takan ƙarasa mini in na ɗauko. Shida na saiwar itace ne. Na Lahadi kuwa fari ne sol, na wani dutse mai laushi daga Tanganyika, ko yarana ba sa taɓa shi.

Wata Kirsimeti muna zaune a gindin garke, na fito da lofena ina juya shi yadda rana za ta haska ƙarfen. Sai na ji Mama Nosisa ta ce wa bango, "Ɗan birni, sam mini taba."

A wurinmu wanda ya roƙi taba ba a hana shi, ko maƙiyinka ne. Mai hankali jakar tabar zai miƙa. Ni kuwa na ga ranar nuna bajinta ta zo. Na murɗe ƙoƙon Litinin da tabarsa a ciki, na miƙa da hannu biyu, ina jiran ta yi mamaki. Ta juya shi, ta leƙa hudar gindinsa, ta ƙwanƙwasa da farce.

"Yana jure zafi?"

"Haba Mama! Ko garwashi kika ɗora masa ba ya ji."

Ta gyaɗa kai, ta jefa shi a jakarta. Suruki kuma ba ya cewa uwar matarsa ta dawo masa da abu.

A mota na ce wa Thobeka, "Kin gani? Duk danginku tsohuwar nan kaɗai ta san abu mai daraja." Ta rufe baki da gefen ɗankwali, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka ƙurar hanya ce ta shaƙe ta.

Litinin ta zo, babu ƙoƙonta. In ɗauki na Talata? Ai doka ta hana, kuma ni na kafa ta. Haka na wuni da ƙarfe tsirara a baki. Zuwanmu na gaba Mama ta sake cewa a sam mata, na Talata ya bi ɗan'uwansa. Har ɗoki nake in je Tsolo, ina goge ƙoƙon da man zaitun tun a gida, don na tabbata kowane ɗaya da na miƙa, na matso kusa da "ɗana". Cikin 'yan shekaru mako ya zame mini Lahadi kaɗai.

Abokan aiki suka samu abin yi. "Dumile, wa ya fille wa lofenka kai?" "A'a, ku ƙyale shi, iskar teku yake sha, ta fi araha." Nakan dube su da tausayi in ce, "Kyauta na yi wa wadda ta san darajarsa. Ba za ku gane ba."

Asirin ya tonu ne ranar da aka yanka sa don tunawa da marigayi mijinta. Ruwa ya tsuge, na ruga na fake a ɗakin girki, inda namiji ba shi da abin yi. Tukwanen ƙarfe masu ƙafa uku na jere a kan wuta. A kan murfin ta masara da wake, ga Litinin a zaune, an zura mata ƙusa ta hudar gindi an ɗaure tamau. Talata na kan tukunyar nama. Laraba ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Duka shidan suna nan, kowanne ya kama aiki.

Ƙanwar matata Nolitha ta ɗago daga hura wuta ta ce, "Yaya Dumile, Allah ya saka! Tun da kake kawo mariƙan nan ba mu ƙara ƙona yatsa ba. Wai a ina ake sayar da su? Maƙwabta sun dame mu da tambaya."

Na fita cikin ruwan. Ya fi mini daɗi.

Na rantse farin ƙoƙona ba zai taɓa ganin Tsolo ba. Sai aka aiko cewa jikin Mama ya tsananta, kuma ranar da muka samu mota Lahadi ce. Ranar shan tabata guda a duniya. Kafin in tuna da rantsuwa, ina ƙofar gidanta da shi a baki.

Tana kwance a tabarma a hantsi, an lulluɓe ta da bargo, ta rame ƙwarai. Dogon lofen yana gefenta a kashe. Na gaishe ta. Ta ce, "Ɗan birni, sam mini taba."

Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba. "Mama, na ga tukwanenki."

"To, ba su yi kyau ba?"

"Ni da nake zaton sha kike yi da su!"

"A wannan ɗan abin? Ai ko haƙorina ba zai ji ba." Ta yi dariya har ta sarƙe. Sannan ta juyo ta dube ni, ni kaina, ba bango ba. "Matso nan. Ranar da aka fara kawo ka gidan nan, ka yi tari a bakin garke. Na san tarin. Na zauna da shi ɗaki ɗaya har ya ɗauke mini miji. Na ce wannan yaro ba zan saba da shi ba. Wanda ka kira ɗa, binne shi ya fi ciwo."

"Amma Mama, ke ma ai sha kike."

"Ni wa zan mutu in bari? Na gama raino. Kai kana riƙe da 'yata da yara huɗu. Thobeka ta ce kana da wata doka, kuma a kanta ka fi jaki taurin kai. Na ce madalla, dokar ta yi mini aikin." Ta numfasa. "Yaushe rabonka da tarin safe?"

Ban ma lura ya tafi ba. Na waiwaya, Thobeka na tsaye a bakin ƙofa tana kallon sama kamar ba ta taɓa ganin gajimare ba. Kunya ta rufe ni. Shekaru ina zaton tsohuwar nan ba ta ganina, ashe numfashina take saurare.

Na murɗe farin ƙoƙon. Ba zan yi ƙarya ba, sai da na ji baƙin cikin rabuwa da shi. Na miƙa da hannu biyu.

Ta riƙe shi tare da yatsuna ta ce, "Yauwa, ɗana. Kai wa Nolitha, mariƙin murfin butar shayi ya karye."

Sau ɗayan nan ta faɗa. Ba ta ga girbin masarar shekarar ba.

Yanzu kaina ya yi fari fat, na wuce shekarun mijinta nesa ba kusa ba. Har yau ina yawo da ƙarfen a baki ina zuƙar iska, jikoki na bina suna kwaikwayo. Butar shayin tana gidana, Nolitha ta ba ni, kuma ni nake ɗaga murfin kowace safiya. Ranar jana'izar Mama, da aka zo zuba ƙasa aka ce 'ya'yanta su matso. Ban jira kowa ya kira ni ba.