Baƙuwar da Ta Ƙi Cin Tuwon Inna

Dabino nake sayarwa kusa da masallacin Ƙiblatain a ƙasa mai tsarki, kuma saboda alhazan Iran na fara koyon Farisanci a waya. Na kai darasin da ake isar da tambayar wani, irin "tana tambaya ko kin gaji". Ji nake ba wanda ya kai ni.

Wata ranar zafi motar ayari ta tafi ta bar wata tsohuwa 'yar Iran a ƙofar shagona. Da na kira jagoransu a waya ya ce sai bayan la'asar zai dawo, don haka na kai ta gida wajen Inna.

Abin alfaharin mahaifiyata ɗaya ne: tun zuwanta daga Chadi, baƙo bai taɓa fita gidanta da yunwa ba. Ta dire tuwo da miyar kuɓewa, ta fice, ta saki labule. Haka ake yi a wajenmu, ba a tsare baƙo da ido yana ci.

Da ta leƙa, ko murfin kwanon ba a ɗaga ba.

"Ya waladi, ɗana, tambaye ta ko kuɓewa ce ba ta ci."

Na gyara murya na rangaɗa jimlata tsaf, da "ke aya" ɗinta, wato "ko" na Farisanci, a inda littafi ya ce. Tsohuwa ta dafa ƙirji, ta yi godiya, ta ce a ƙoshe take. Cikinta kuwa ƙugi yake, ina ji.

Inna ta sauya da shinkafa. Na tambaya ko yaji ne. Ta kawo gurasa da ful, dafaffen waken Larabawa, na tambaya ko azumi take. Jimlolina sai ƙara kyau suke, kwanuka sai taruwa suke. Daga baya na san cewa a wajensu baƙo ƙi yake yi sai mai gida ya zauna ya matsa masa. Mu mun ba ta wuri don kunya, ita tana jiranmu don kunya.

Na tarar da Inna a madafa, idonta ya cika. Tausayinta ya kama ni, wasan ya fita raina.

"Khalas," ta ce, "ya isa, matsa da tambayoyinka."

Ta shiga, ta zauna, ta gutsuri tuwo ta danƙa wa baƙuwar a hannu. "Ci!"

Tsohuwa ta raba lomar biyu, ta miƙo mata rabi, ta tsaya tana jira. Inna, wadda ko gaban surukinta ba ta taɓa kurɓar ruwa ba, ta dube ni.

"Tambaye ta ko dole ne."

Ban tambaya ba. Inna ta ja mayafi ta kare gefen fuskarta, ta juya wajen bango, ta kai loma. Kafin jagoran ya iso sun share tuwon, sun shiga shinkafa.