Kujera Biyu Ta Ishi Sama'ila

Duk Hunkuyi an san Sama'ila mai mazarƙwaila da abu biyu: iya dafa ruwan rake, da taurin kai. Tun yana saurayi yake kora doki a injin matsa, matarsa Kulu kuwa tana cikin hayaƙi tana tuƙa wa ma'aikatansa tuwo, rani da damina. Shekarar da aka koma kashe naira rake ya yi albarka, sai ya ce mota zai saya. Ba akori-kura ba, mai gudu.

Tanko dillali ya kai shi Zariya ya nuna masa guda biyu da aka ɗan hau. Ɗaya Toyota Celica ce koriya mai kujerar baya. Ɗayar Datsun 240Z ce ja mai dogon hanci, kujerunta biyu rak. Yayansa Inuwa, wanda ya biyo su ba gayyata, ya leƙa Datsun ɗin ya taɓe baki.

"Wannan ai ta marasa dangi ce," in ji Inuwa. "Ɗauki koriyar. Ni a gaba, iyali a baya, kamar yadda aka saba."

Abin da aka saba ɗin ne ke ci wa Sama'ila tuwo a ƙwarya. A wajenmu gidan gaba na babba ne, mace kuwa baya, ko da guminta aka sayi motar. Ranar da uwar Kulu ta rasu a Paki, a bayan babbar mota Kulu ta tafi ta'aziyya, bisa buhunan dawa, ruwa na dukanta, Inuwa na gaba yana cin goro. Abin ya tsaya wa Sama'ila a rai. Ya kuma san muddin akwai kujerar baya, can Kulu za ta ƙare.

"Jar nake so," ya ce.

Tanko ya ce cikinta a ƙasa yake, hanyar ƙauye za ta wahalshe ta. Sama'ila ya ce ya ji. Gari ya ɗauka: wai ya yi kuɗi ya ƙi 'yan'uwa. Masu faɗin haka kuwa ko karan rake ba su taɓa ɗaga masa ba.

Ran Laraba Inuwa ya sha babbar riga, zai ci kasuwar Makarfi a sabuwar mota. Yana jan ƙofa ya tarar da Kulu zaune, ta rufe fuska da mayafi. Kunya ta kama ta, ta gaishe shi murya ƙasa-ƙasa, ta fara zuro ƙafa waje.

"Malam, bari in sauka," ta ce wa mijinta. "Ana kallo."

"A kalla. Koma ki zauna."

Inuwa ya ce, "Sama'ila, ni za ka bari tsaye saboda mace?"

"Allah ya huci zuciyarka, Yaya. Motar haya na tafe, ba mai hana ka gabanta. Paki za mu, gaida dangin Kulu."

Daga ranar Inuwa ya daina taka zaurensa. Abin ya yi wa Sama'ila ciwo ƙwarai, don yana son yayansa, amma bai sayar da motar ba.

Ita dai Kulu, sai da suka bar gari ta sauke mayafi. Ta daɗe tana kallo ta gilashin gaba, itatuwa da gonakin rake suna nufo ta.

"Malam," ta ce, "ashe haka hanya take tahowa. Ni kullum tafiyarta nake gani."