Waifai Har Ɗakin Inna

Shekarun baya, lokacin da ƙafafun mahaifiyata suka fara ƙin ɗaukarta, ta sa ni gaba da magana ɗaya: tana son ganin ƙanwarta. Ƙanwar tana zaune a 'Yankuzo, ita ma ta tsufa, hanyar Tsafe kuma a lokacin ba wadda mutum zai ɗora tsohuwa a kai ba ce hankali kwance. Inna ta ji a bakin mata cewa yanzu a waya har fuska ake gani. To gidanmu na Gusau tsohon gini ne, katangar ƙasa mai kauri, ga rufin kwano. Sabis iyakarsa zaure. Ɗakin Inna kuwa can ƙurya yake, kana shiga da waya ta koma tocila.

Sau ɗaya muka tallabo ta zuwa zaure. Ta zauna, ta ga maza suna wucewa, ta ja mayafi ta rufe fuska tun kafin kiran ya shiga. Ta ce, "Ku mai da ni. Ni ba ni hira a zaure kamar mai saida goro."

Ni a aji biyu na sakandare na tsaya, kayan babur nake sayarwa, kuma na daɗe da gajiya da mutanen da in ka tambaye su abu sai sun fara nuna maka ba ka yi boko ba. Abokina na Bungudu, mai gyaran kwamfuta, shi ma yana da wannan ciwon, amma nasa da sauƙi. Shi ya ce in samo tsofaffin rauta guda uku, wato akwatunan waifai ɗin nan masu ƙaho, a cire musu manhajar kamfani a zuba wata.

Na ce, "Wacce?"

Ya ce ta kowa da kowa ce. Mutane ne a ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta ta, wanda ya so ya ɗauka, ya leƙa cikinta, ya gyara abin da ya ga dama. Na ce aikin gayya ke nan, sai dai ban gane wa ke dafa musu tuwo ba. Ya ce in bar wannan, abin da ya shafe ni shi ne da wannan manhaja akwatunan za su riƙa miƙa wa juna sabis, kamar masu miƙa tubali a wurin gini. Na zaure ya ba na tsakiya, na tsakiya ya ba na ɗakin Inna. Ba fasa bango, ba jan waya.

Ranar Asabar ya zo da kwamfutarsa muka baje a zaure. Yana tsakiyar zuba wa ta biyu manhaja, ya fita alwala, ni kuma wayata ta yi kukan caji. Na duba soket, na ga duk fulogai ne baƙaƙe iri ɗaya, na zare guda. Da ya dawo ya dafe kai.

"Alhaji, ka kashe ta."

Ban taɓa zuwa Makka ba, in ya kira ni Alhaji to zagi ne. Sai da ya kwashe yini yana lallaɓa ta da wata igiya kafin ta farfaɗo.

Shi baƙo ne, ba ya wuce zaure, don haka ni ne mai shiga da fita. Na ajiye ɗaya a ɗakin Inna, na kai ta tsakiya sashena, na dawo. Ya dubi kwamfuta ya ce ba sa jin juna. Na ɗora ta bisa rumbu, shiru. Na hau darbejiya da ita da girmana, matan gida suna dariya a bayan labule, nan ta ɗan kama, amma ba wuta a kan bishiya kuma damina na tafe.

Ya ce, "Tsaya. In ka miƙe daga zaure zuwa ɗakin Inna, ta ina kake bi?"

Na ce ta ƙofar sashen yayana.

"To can za ta zauna."

Abin da bai sani ba, ni da yayana mun yi shekaru muna gaba. Ɗorawar da mahaifinmu ya bari a gonarmu ta Wonaka ya sa aka sare bai shawarce ni ba, na faɗa masa abin da ke bakina, shi ma ya faɗi nasa. Gida ɗaya, masallaci ɗaya, amma in da saƙo sai dai ta bakin Inna. Kuma kada wani ya zo ƙasan rubutun nan yana mini wa'azi, ni nake da gaskiya.

Na tafi wurin Inna kamar yadda aka saba, na ce ta gaya wa mutumin can za a rataya abu a bangonsa. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Bakinka ciwo shi kai? Na gaji da zama 'yar aikenku. In ba ka iyawa, kwashe tarkacenka, in mutu ban gan ta ba."

Na fito na tsaya a tsakar gida da akwati a hannu. Magana dai ba zan fara yi masa ba. Amma sallama ba tawa ba ce, ta Musulunci ce, kuma shi mutum ne mai son a ce masa Malam, ba zai yarda a ji ya ƙi amsawa ba. Na matsa ƙofarsa na yi sallama da ƙarfi yadda duk gidan zai ji. Rediyonsa na ciki yana magana. Na sake. Sai aka rage muryar rediyon.

"Wa alaikumus salam." Kamar ana cire masa haƙori. Ya ɗaga labule. "Mi kaka so?"

"Soket."

Ya dubi ƙahonin akwatin. "Wanga ba abin naɗar magana ba ne?"

"Wace magana gare ka da za a naɗa? Na Inna ne. Ƙanwarta take son gani."

Ya koma ciki ya zare rediyonsa daga soket, ya fito da guduma. Na miƙa hannu, ya hana ni, ya ce tun ina yaro ban iya buga ƙusa ba. Shi ya taka turmi ya rataye ta a ƙarƙashin rumfa. Muna tsaye ba mai kallon wani, sai ga muryar abokina daga zaure: "Sun gaisa! Duka ukun!"

Washegari bayan la'asar ɗan ƙanwar Inna ya riƙe wa uwarsa waya a can, ni na riƙe wa tawa a nan, tana zaune a bakin gadonta, ba mayafi. Fuskar ta fito. Inna ta daɗe tana kallo, ta kai yatsa ta shafa gilashin.

"Ke ta wagga? Ina haƙoranki?"

"Yaya, ke kin duba naki?"

Suka yi dariya har Inna ta sarƙe da tari, daga nan dariyar ta juye ta zama wani abu. Na jingina mata wayar da filo na fita.

Akwatunan suna nan suna aiki har yau, na ma koyi sabunta musu manhaja da kaina, ba na zare komai. Ni da yayana ba zan ce muku mun zama aminai ba. Muna gaisawa, in fitilar ta tsakiya ta yi ja yakan ɗaga murya ta kan katanga ya ce in zo in duba kayana, wani lokaci in na gama in tarar an ajiye mini fura. A shekarunmu wannan ya isa, ban nemi fiye da haka ba.

Inna kuwa yanzu ƙorafi take. Wai ƙanwarta ba ta da aiki sai kira, ta hana ta barcin rana, ta sa mata ido a kan kowane zane da ta ɗaura. Jiya ma na shiga gaishe ta, ta ce in kashe abin nan ta huta. Na ce to, na miƙa hannu wajen soket. Ta buge mini hannu da carbi.

"Ba yanzu ba. Ba ta ƙare ba ni labarin ba."