Yatsan Kawu Bamalli a Wuyan Onwuka

Kawu Bamalli, yayan mahaifiyarmu, wanzami ne a unguwar Bagama tun ana kiran garin nan Abuja, kafin sabon babban birni ya karɓe sunan. Mutum ne mai tsabta, marar yawan magana. In zai yi gyaran fuska, sai ya dafe gefen wuya da babban yatsa, fata ta miƙe, sannan aska ta bi.

Bayan yaƙin basasa da kaɗan, Onwuka, wani dattijon Ibo mai sayar da kayan keke, ya dawo ya buɗe shagonsa. Wata Asabar ya zauna gaban Kawu.

"Bamalli, a hankali fa. Wuyan nan ya tsira daga bindiga, kada askarka ta ƙarasa shi."

"Ɗaga haɓa, surutunka ya yi yawa."

Kawu ya dafe wuyan. Aska ba ta ko taɓa fata ba, idanun Onwuka suka juye, ya sulale ƙasa. Kawu ya dafa ƙirjin Onwuka, ya ji zuciyar na bugawa da ƙyar, ɗaya, sai an jima ɗaya.

"Wayyo Allah, ya yanka shi!" wata mai ƙosai ta kwarma ihu.

'Yan'uwan Onwuka suka bar shagunansu a buɗe, suka taho a guje. Kawu na tsaye, aska a hannu, ya kasa ko ajiye ta. Ya san in mutumin nan bai tashi ba, unguwar ce gaba ɗaya za ta kama da wuta.

Sai Onwuka ya buɗe ido. "Ka gama? Me nake yi a ƙasa?"

Babu jini ko ɗigo. 'Yar Onwuka, Philomena, mai aikin jinya, ita ta yi wa Kawu bayani daga baya. A gefen wuya akwai wani wuri mai auna ƙarfin jini. In an danne shi, jijiya sai ta gaya wa ƙwaƙwalwa jini ya hau, ita kuma ta umarci zuciya ta rage gudu, mai jikin bai sani ba. A jikin wasu tsofaffi umarnin kan wuce kima.

Kawu ya daɗe yana kallon yatsansa. "Ashe duk shekarun nan da zukatan mutane nake wasa?"

Gari kuwa bai ji bayanin ba. Aka ce hannun Kawu na da asiri, kowa ya guje masa, har cefane ya fara gagara. Onwuka ne ya dawo ranar kasuwa, ya zauna kowa na gani, ya ɗaga haɓa da kansa.

Kawu ya ce, "Sauke." Kumatu kawai ya aske masa.

Mutane sun dawo a hankali. Amma har Kawu ya rasu, duk wanda ya tashi daga tabarmarsa da gashin wuyansa yake tafiya.